YOLA DA JIMETA: WA KE TSARON ABIN DA MAGABATA SUKA BARI?

Duk wanda ya ce maka za shi Yola, to, ka tambaye shi wace Yolar yake nufi, gama Yola biyu ce. Akwai Yola ta Lamiɗo, watau tsohon garin nan da Modibbo Adama ya kafa cikin shekarar 1841, inda fada take, da babban masallaci, da kushewar magabata. Sa'an nan kuma akwai Jimeta a bakin kogin Binuwai, kimanin mil shida daga can, inda gidan Gwamna yake, da ofisoshin gwamnati, da filin jirgin sama, da babbar kasuwa. A kan takarda an haɗa su da suna ɗaya, ana cewa Yola babban birnin Jihar Adamawa, amma ɗan gari bai taɓa rikita su ba. In ka tare mai keke a Jimeta ka ce masa Yola, ba zai sake tambayarka ba, sai ya kama hanyar kudu ya nufi garin Lamiɗo.

Na zaga garuruwan nan biyu domin in kawo wa masu karatu labarin wuraren tarihin da ke cikinsu. Abin da na gani kuwa ya kasu kashi biyu, kamar yadda garin kansa ya kasu. Wuraren da ke da mai su, watau waɗanda sarauta ko addini suka ɗora wa wani nauyin kula da su, suna nan da ransu. Waɗanda kuwa ba a damƙa wa kowa ba, irin su tashar jiragen ruwa da tafkin su da duwatsun da aka yi yaƙi a kansu, suna ɓacewa sannu a hankali. Ba wanda ya rushe su da gangan, ba kuma wanda ya tsaya musu.

ASALIN GARIN

Kafin Fulani su kafa mulki a wannan ƙasa, Batawa ne ke riƙe da bakin kogi, su ne masu su da fito, mutanen Verre kuma suna kan duwatsun da ke kudu da Yola. Fulani makiyaya sun daɗe suna zaune a tsakaninsu, kowane dangi da Arɗonsa. Modibbo Adama ɗan Arɗo Hassana ne. Ya yi karatu a ƙasar Barno, da ya komo gida sai ya tarad da labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya game ƙasa. Wajen shekarar 1809 ya karɓo tuta daga hannun Shehu, aka naɗa shi shugaban Fombina. Kalmar Fombina kuwa da Fulatanci kudu ke nan, watau ƙasar da ke kudu. Shi dai bai yarda a kira shi da sunan sarauta ba, ya fi son a ce masa Modibbo, watau malami, kuma da wannan suna aka san shi har yau.

Bai fara zama a Yola ba. Gurin ce hedkwatarsa ta farko, a bakin kogin Faro, daf da iyakar Kamaru ta yanzu. Daga nan ya koma Ribadu, sa'an nan Njoboliyo, kana cikin 1841 ya hau wani tudu da ke kallon fadamar Binuwai ya kafa gari. Tudu irin wannan shi ake kira yolde da Fulatanci, daga nan aka sami sunan Yola. Wanda ya zo da damina zai gane hikimar zaɓen wurin, domin ruwa yakan malale fadamar da ke arewa da garin, amma tudun yana nan a bushe. Ga ciyawar shanu da dawaki a ƙasa, ga wurin zama a sama.

Shekara shida kawai Modibbo Adama ya yi a sabon garinsa, ya rasu cikin 1847. Amma ƙasar da ya bari ta kai har Garwa da Marwa da Ngaundere da Tibati da Banyo da Rai Buba, waɗanda duk a yau suna cikin Kamaru. Sunansa ya bi ƙasar, shi ya sa har gobe akwai Adamawa a Nijeriya, akwai kuma lardin Adamawa a Kamaru wanda hedkwatarsa ke Ngaundere.

FADAR LAMIƊO

Baƙon da ya shiga Yola, ƙafarsa ba za ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar fada. A nan ne garin ya fi kama da kansa na da. Ga fili a gaban fada inda ake hawan Salla, ga dogarai a bakin ƙofa, ga babban masallacin da ake kira da sunan Modibbo Adama a kusa. A nan kunnenka zai fi jin Fulatanci bisa ga Hausa, za ka kuma ji fadawa suna cewa Barkama in suna gaida Lamiɗo, kamar yadda namu suke cewa ranka ya daɗe. Hubbaren Modibbo Adama yana nan cikin garin, ana kula da shi, ana ziyararsa.

'Ya'yan Modibbo Adama huɗu ne suka yi sarauta a jere bayansa. Lawal ya hau cikin 1847 ya yi shekara 25, Sanda ya gaje shi cikin 1872, Zubairu cikin 1890, sa'an nan Bobbo Ahmadu cikin 1901. Wanda ya fi kowa daɗewa a kan gadon shi ne Lamiɗo Aliyu Musɗafa, wanda aka naɗa cikin 1953 ya rasu cikin 2010, watau shekara 57 ke nan. Ya ga zamanin Razdan da En'e, ya ga mulkin kai, ya ga Jihar Arewa maso Gabas, ya ga Jihar Gongola da aka kafa cikin 1976, ya kuma ga an raba ta cikin 1991 aka fid da Adamawa da Taraba. Ɗansa Muhammadu Barkinɗo Aliyu Musɗafa shi ne ya gaje shi, shi ne Lamiɗo na goma sha biyu.

A harabar fadar akwai gidan ajiye kayan tarihi na Fombina, inda aka tara kayan sarauta da na yaƙi da hotunan sarakunan da suka shuɗe. A Jimeta ma akwai gidan tarihi na gwamnatin tarayya. Mai son sanin ƙasar ya kamata ya shiga duka biyun. Amma abin da ya fi burge ni a fada shi ne, ko yaron da ke wasa a ƙofar gida ya san sunan Modibbo Adama, fadawa kuwa za su jero maka sunayen Lamiɓe goma sha biyu ba tuntuɓe. Wannan tarihi yana da masu shi, kullum ana maimaita shi wajen naɗi da hawa da addu'a, saboda haka ba ya tsufa.

Sai dai mai neman tsohon gini na ƙasa irin na Gidan Makama a Kano ko masallacin Juma'a na Zariya, ba zai sami da yawa a Yola ba. Dalili kuwa tsoho ne. Cikin watan Yuni na 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya iso Yola daga Kukawa. Ya rubuta cewa ya tarar da gari buɗaɗɗe mai faɗi, galibinsa bukkoki ne cikin manyan gidaje, har da gonakin dawa a tsakaninsu, kuma gidan Lamiɗo da na 'yan'uwansa kaɗai aka gina da ƙasa. Ya ƙiyasta mutanen garin za su kai 12,000. Bai cika mako guda ba Lamiɗo Lawal ya sallame shi, domin ya zo tare da manzannin Barno, alhali kuwa a lokacin akwai gardamar iyaka tsakanin Yola da Barno. To, garin da aka gina da kara da zana da ciyawa, ba ya barin kango. Abin da ke wanzar da shi, shi ne hannun da ke komowa kowace shekara ya sabunta.

MASALLACIN KARA NA GURIN

Babban misalin wannan magana yana Gurin, kuma duk wanda ya zo Yola don tarihi bai kamata ya koma bai je can ba. Tun farkon jihadi Modibbo Hamman, surukin Modibbo Adama, ya kafa masallacin Juma'a a garin, aka yi shi da karan dawa. Kusan shekara ɗari biyu masallacin nan yana tsaye da kara. Ba wai karan farko ne ya daɗe haka ba, ai kara ba ya jure damina da gara. Jama'a ne ke haɗuwa bayan girbi, kowa ya kawo nasa dami, a kwance wanda ya ruɓe a ɗaura sabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa. Yaro yana miƙa wa ubansa kara, yana jin labarin wanda ya fara kafa shi da dalilin kafawar, in ya girma shi ma ya gaya wa nasa ɗan.

Cikin 2003 aka sake gina masallacin da kayan zamani. Ba mai zargin waɗanda suka yi wannan aiki, domin masallaci wurin salla ne, masu salla kuwa suna bukatar inuwa da tsari daga ruwa da gobara. Amma fa a san abin da aka samu da abin da aka rasa. An sami gini mai ƙarfi, an kuma rasa taron shekara shekara wanda shi ne makarantar tarihin garin. Siminti ba ya bukatar gayya. Daga ranar da aka daina ɗaurin kara, sai an nemi wata hanya ta gaya wa yara labarin, in ba haka ba nan da ƙarni guda za su ɗauka masallacin Gurin masallaci ne kamar kowane.

Cikin watan Disamba na 2024 gwamnatin jihar ta ƙirƙiro sababbin masarautu, har da ta Fufore, Gurin da Ribadu kuwa suna cikin ƙaramar hukumar Fufore. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan, tarihin Gurin da na Yola igiya ɗaya ce, kuma kula da ita ya zama aikin gidaje biyu ke nan.

RANAR DA TURAWA SUKA ZO

Mu komo Yola. Filin nan na ƙofar fada da masallacin da ke kusa da shi, su ne fagen yaƙin da ya sauya ƙasar baki ɗaya. Tun cikin shekarun 1880 Turawan kamfanin Neja suke ciniki a nan, amma Lamiɗo bai ba su izinin gina kanti a tudu ba, sai dai su zauna cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kogi, can ake kai musu hauren giwa da ƙaro a karɓo gishiri da yadi. Jamusawa da Faransawa su ma suna zawarcin ƙasar. Wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya zo a farkon shekarun 1890, har ya ba Lamiɗo Zubairu igwa biyu. Cikin 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka ja layi a kan taswira, suka bar garin Yola da ɗan kewayensa a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuwa ta faɗa rabon Jamus. Ba wanda ya shawarci Lamiɗo.

Zubairu mutum ne mai ilmi da zafin zuciya, bai yarda da wannan rabo ba, daga baya ma ya kori kamfanin daga kogi. Ran 2 ga Satumba 1901, lokacin da ruwa ya cika har jirage na iya matsowa kusa da gari, Kanar Morland ya iso daga Lakwaja da soja fiye da 300 da igwa da bindigogi masu ruwa. Mutanen Lamiɗo suka tsaya a masallaci da fada, suka buga igwan nan na Mizon, amma kafin faɗuwar rana gari ya ci. Zubairu ya fita ya nufi gabas, ya sake gwabzawa da Jamusawa a wajen Garwa da Marwa, ya yi ta yawo yana neman taimako, har aka kashe shi cikin 1903 a wajen Gudu, arewa da Binuwai. Turawa kuwa suka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu.

Wannan labari yana cikin littattafai. Marigayi Farfesa Sa'ad Abubakar ya rubuta tarihin Lamiɓen Fombina wanda ya fito cikin 1977, wani Bature da ya yi aikin mulki a lardin, Kirk-Greene, shi ma ya rubuta nasa cikin 1958, tun kafin su kuma Dokta East ya tattara labaran tsohuwar Adamawa da Fulatanci daga bakin dattawa. Amma littattafan nan da Turanci suke, ko kuwa sun yi wuyar samu. Ɗan makarantar da ke ratsa ƙofar fada da safe, da wuya ya san a daidai inda yake takawa aka yi wannan artabu.

Akwai kuma tarihin malamai, wanda ba ya cikin gini sai cikin takarda. A zamanin Lamiɗo Lawal wani babban malami, Modibbo Raji, almajirin Abdullahi ɗan Fodiyo, ya taso daga Gwandu da niyyar tafiya gabas, ya yada zango a Yola, a nan kuma ajali ya same shi. Shi da almajiransa suka kafa harsashin karatu a wannan ƙasa, har garin Girei da ke hayin kogi ya zama matattarar masu neman ilmi. Littattafan irin waɗannan malamai, na Larabci da na ajamin Fulatanci, da yawa suna hannun jikoki cikin akwati da gafaka. Gara da ɗanshi ba su san darajar takarda ba.

JIMETA, 'YAR KOGI

In ka bar Yola ka nufi Jimeta, ka bar garin sarauta ka shiga garin ciniki. Jimeta kogi ne ya haife ta. Da Turawa suka ci ƙasar sai suka kafa barikinsu a wannan gefe, kusa da inda jirgi ke iya tsayawa, kamfanoni suka gina kantuna da sito, Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo suka biyo ciniki da aikin gwamnati. Shi ya sa Hausa ce harshen kasuwar Jimeta. Sunayen unguwanninta ma kaɗai littafi ne ga mai lura. Ga Limawa, ga Alƙalawa, ga Gwadabawa, ga Nasarawo, duk sun nuna waɗanda suka fara zama ko inda suka fito. Luggere da Fulatanci kwari ke nan. Rumde kuwa shi ne rinji, watau ƙauyen bayi masu noma wa ubangijinsu. Wannan suna yana tuna mana abin da ba a cika son faɗa ba, cewa arzikin Fombina na wancan zamani da bayi aka gina shi, ana kamo su daga ƙabilun duwatsu da na kudu, ana sa su noma, ana aika waɗansu Sakkwato a matsayin gaisuwa. A cikin Yola ma akwai Wuro Hausa, unguwar da fataken Hausa masu neman hauren giwa suka zauna.

Shekaru da yawa kogin Binuwai shi ne babbar hanyar wannan lardi. Kogin yana tasowa daga tsaunukan Adamawa ta Kamaru, ya bi ta Garwa, ya karɓi Faro, ya wuce Jimeta da Numan da Ibi da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya cika, jiragen kamfanin U.A.C. da na John Holt sukan hauro daga Burutu da Warri ɗauke da gishiri da kananzir da siminti da yadi, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Waɗansu ma sukan wuce har Garwa. Cikin 'yan watannin nan ake cinikin shekara guda, lebura da ɗan kwangila da mai tuwo kowa ya samu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da zirga-zirgar, bayansa aka shimfiɗa hanyoyin mota, aka yi gada, manyan motoci suka karɓe kayan. Kamaru ta gama madatsar Lagdo cikin 1982, yashi kuma ya yi ta cika kogin. Jirage ba su sake komowa kamar da ba.

Na gangara bakin kogi ta wajen gada. Da rani ne, ruwa ya janye ya bar yashi fari fat, masu tifa suna lodi, masu lambu sun kafa bukkoki, 'yan kwale-kwale kaɗan suna jiran masu fito. Na gai da wani dattijo da ke gyaran taru, na ce, "Baba, don Allah a ina jiragen kamfani suke tsayawa a da?" Ya ɗaga hannu ya nuna mini wani wuri can gaba, ya ce, "Ɗana, ai ka makara. Da ka zo muna yara, da ba sai ka tambaya ba, kukan jirgin kaɗai zai kai ka." Ban ga allo ko ɗaya a wurin da ke bayyana wa baƙo cewa ta nan arzikin lardi guda yake shiga yana fita ba. In dattawan nan suka ƙare, ko mai nuna wurin da hannu ba za a samu ba.

Kogin da ya daina ɗaukar jirgi kuwa bai daina ɗaukar gidaje ba. Cikin 2012 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a Adamawa da sauran jihohin da ke bin Binuwai, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga Lagdo. An daɗe ana maganar gina madatsa a Dasin Hausa don tare irin wannan ruwa, amma ba a gina ba. Duk abin tarihin da ke bakin kogi, gini ne ko kabari ko takarda, yana cikin wannan hatsari.

DUTSEN BAGALE DA TAFKIN NJUWA

Daga kan gadar Jimeta in ka dubi hayi za ka hangi dutsen Bagale. Nan Batawa suka kafa sansani suka daɗe suna gagarar mahayan Yola, ga shi kuwa a ƙofar gari, har sai a zamanin Lamiɗo Lawal aka ci su. Ga ɗan Yola wannan labarin nasara ne, ga Bata kuwa labarin jaruntakar kakanni ne da rasa gida. Duka biyun gaskiya ne, kuma jikokin ɓangarorin biyu yau a kasuwa ɗaya suke ciniki, a aji ɗaya 'ya'yansu suke karatu. Masarautar Bata tana nan a Demsa, ta Bachama tana Numan. Tarihin Yola da aka faɗa ba tare da su ba, rabin tarihi ne.

Kusa da tsohon garin kuma akwai tafkin Njuwa, inda mutanen Rugange da Njoboliyo da ƙauyukan kewaye suke bikin su da rani, a taru da koma da mashi da gora a faɗa ruwa gaba ɗaya, irin yadda ake yi a Argungu. Bikin nan ya haɗa Bata da Fulani da Hausawa, masu kallo suna zuwa daga nesa. Amma laka da yashi sun cike tafkin, ruwa ya ja baya, shekaru sun yi ta wucewa ba a yi bikin yadda aka saba ba. Biki ba ya rayuwa in babu ruwa, waƙoƙin su da dabarun kamun kifi da al'adun da ake yi kafin a shiga ruwa kuma ba sa rayuwa in babu biki.

Wanda ke shakkar cewa irin waɗannan abubuwa suna da daraja a idon duniya, ya dubi Sukur, can cikin duwatsun Madagali a arewacin jihar. Ba bene a Sukur, ba ƙarfe, ba gilashi. Akwai fadar Hidi ta dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, da gonakin da aka yi wa matakala a jikin tsauni, da wuraren narka tama. Amma cikin 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a duk Nijeriya. Abin da ya jawo masa wannan daraja shi ne mutanen wurin ba su bar al'adar da ta gina shi ba. Ko da 'yan Boko Haram suka kai masa hari cikin 2014 suka ƙone gidaje, mutanen sun komo sun gyara, domin sun san yadda ake yi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Aikin da ake bukata a Yola da Jimeta bai kai kuɗin gada ko filin wasa ba. Da farko a kafa alluna da Hausa da Fulatanci da Turanci a ƙofar fada, da tsohuwar tashar jirage, da gindin Bagale, da bakin Njuwa, da masallacin Gurin, kowanne da taƙaitaccen bayanin abin da ya faru a wurin da shekararsa. Na biyu, a bi bakin kogi da tsohuwar bariki a ƙidaya duk wani gini da ya rage na zamanin kamfanoni da En'e, a rubuta shi, kafin a wayi gari a ga an rushe an yi shaguna. Na uku, ga jami'a mai sunan Modibbo Adama a hayin kogi, wadda aka kafa tun 1981, ga kwalejin horon malamai, ga Jami'ar Amurka a cikin Yola. Ɗalibansu su ɗauki na'urar ɗaukar magana su zauna da tsofaffin masunta da leburorin jirgi da fadawa da matan da suka san waƙoƙin da, a kuma ɗauki hoton littattafan malamai a bar wa masu su kayansu. Na huɗu, masu ilmin ruwa su duba yadda za a yashe Njuwa. Na biyar, kowace makarantar firamare a garuruwan nan ta kai 'yan ajin ƙarshe fada da gidan tarihi da bakin kogi, ko sau ɗaya kafin su fita.

Fada ta riƙe nata amana, shekara fiye da 180 ke nan. Saura na kogi da na dutse da na tafki, waɗanda ba su da dogari a ƙofa. Muna kira ga gwamnatin jiha, da majalisun sarakuna, da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, da attajiran Adamawa waɗanda Allah ya hore wa, su raba wannan nauyi a tsakaninsu tun dattawan da suka ji kukan jirgi suna da rai. Masu karatu kuma da hanya ta bi da su Yola, kada su tsaya a Jimeta su sha rake su juya. Su ƙarasa garin Lamiɗo, su gangara kogi, su yi tambaya, gama wurin da ake yawan tambayarsa ba ya ɓata. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙon abin da suka bari, amin.